Bokitin da Ya Yi Wari

Shekara talatin da ɗaya Magini da matarsa suna aiki a ɗaki ɗaya, amma kowa da ɓangarensa, kuma ba mai tsallaka wa wani. Nasa ɓangaren yana wajen taga, inda akwai faifan gini da yake juyawa da ƙafa, da tulin yumɓu a rufe da jiƙaƙƙen buhu, da kantocin da kwanuka ke shan iska. Nata yana can ƙurya, inda bokitai biyar ke jere da murafansu. A cikinsu akwai ruwan ƙyalli, wato ruwan nan mai kauri da ake tsoma kwano a ciki kafin a mayar da shi wuta, ya fito da launi yana sheƙi. Shi ke gini, ita ke ba wa abin launi. Shi ya sa yake kiranta Mai Bokiti, tun tana hararar sa har ta gaji ta riƙa amsawa.

Huɗu daga cikin bokitan ba wani abin mamaki ba ne, duk mai sana'ar zai iya haɗa irinsu. Na biyar ɗin ne abin magana. In ka leƙa ciki ba za ka ba shi ko kallo na biyu ba, ruwa ne toka-toka kamar wanda aka gama wanki da shi. Amma in ya shiga wuta ya fito, sai ka ga wani shuɗi mai zurfi da ɗan kore a bakin kwano, wanda mutane ke tasowa daga nesa don shi. Ita kaɗai ta san haɗinsa. Akwai tokar wani icce, akwai niƙaƙƙen dutse, akwai wani gari da take ƙullewa a takarda, akwai ƙaro da take jiƙawa don ruwan ya kama jikin kwano. Ma'auninta wani lotsattsen gwangwanin madara ne da tafin hannunta. Ba ta taɓa rubutawa ba, shi kuma bai taɓa tambaya ba. In an ce masa ya koya, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce shi da yumɓu aka haife shi, ba da ruwan wanki ba.

Magini mutum ne mai kirki, amma yana da hali biyu da ba su da magani: girman kai a kan aikinsa, da kuma hanci. Hancinsa ya fi na mai sabon ciki. In madara ta fara juyawa a gidan maƙwabta, shi zai fara ji. In tsumma ya kwana a jiƙe, ranar ba zai yi gini ba, zai wuni yana yamutsa fuska yana cewa kansa na sarawa. Mai Bokiti takan ce da Allah ya yi shi ɗan sanda, da an huta da kiwon karnuka.

Kullum da safe, kafin ya gama shan shayi, ita ta riga ta shiga ɗakin aiki. Za ta buɗe bokitan ɗaya bayan ɗaya, ta juya kowanne da sandarsa har ƙasa, ta goge baki, ta rufe. Ko ranar da ba za a tsoma komai ba sai ta yi. In ya shigo ya same ta yakan ce, "Mai Bokiti, an gaisa da yaran? Sun tashi lafiya?"

Ita kuwa sai ta ce, "Lafiya lau. Sun ce a gaida mai hanci."

Yarinya ɗaya Allah ya ba su, suna kiranta Tilo. Ta girma, ta yi karatu, ta samu aiki a wani gari, har ta kama gidan kanta. Da za ta tare, uban ya zauna ya gina mata faranti ashirin da huɗu da ƙananan kofuna shida, irin ginin da bai taɓa yi wa mai saye ba. Aka yi musu gashin farko suka fito farare, aka jera a kanta. Uwar kuma ta kwashe kwana uku tana haɗa shuɗin, ta cika bokiti na biyar har wuya. Ta ce a bar shi ya kwanta mako guda, sannan a tsoma.

Makon bai cika ba aka kwantar da ita a asibiti. Dama tana da ciwon sukari, sai ɗan rauni a ƙafa ya ƙi warkewa, ya ci gaba da ci. Wata biyu Magini yana zaune a gefen gadonta. Ba ya son tuna warin ɗakin nan, amma ba ranar da ba ya tunawa. Bai taɓa toshe hanci ba, bai taɓa tashi ya fita ba, sai dai ya koyi yin numfashi ta baki a hankali, yana ganin ba wanda ya lura.

Wata rana da hantsi, bayan an canja mata bandeji, ta kama hannun rigarsa ta ce, "Ka riƙa juya min bokitin nan. Ko sau biyu a mako ne."

Ya ce, "To."

"Ba to ɗin da kake min in na aike ka kasuwa ba."

"Na ce to, Mai Bokiti. Ki warke ki zo ki karɓi yaranki."

Ba ta warke ba. Bayan kwana tara ta rasu. Da aka watse daga zaman makoki, Magini ya je ƙofar ɗakin aiki da niyyar cika alkawari, ya sa hannu a mariƙin ƙofa, sai ya hango takalmanta na roba ta ƙasan ƙofar, a ajiye yadda ta cire su. Ya ja ƙofar ya sa kwaɗo. Gobe, in ji shi. Goben nan ita ce ta kai wata huɗu.

Ranar wata Alhamis Tilo ta kira shi a waya.

"Baba, jibi zan zo. Zan biyo ta wajen Inna Ƙarama mu taho tare. Ta ce ita za ta tsoma min farantan, tunda hannunsu ɗaya da Mama."

Inna Ƙarama ƙanwar marigayiyar ce. Tare suka yi aiki a masana'antar faranti tun suna 'yan mata, kafin yayar ta yi aure. Ba ta san haɗin shuɗin ba, don bayan sun rabu aka ƙirƙiro shi, amma ta san tsomi.

"Baba, kana ji na? Bokitin yana nan dai ko?"

"Yana nan," in ji shi. "Ina zai je?"

Washegari da safe ya buɗe kwaɗon. Ɗakin na nan yadda aka bar shi, sai ƙura da yanar gizo. Farantan na jere farare. Tun daga bakin ƙofa hancinsa ya gaya masa akwai magana, amma ya daure ya ƙarasa ƙurya. Ya buɗe bokiti na farko, ɗan tsami ne kawai. Na biyu ma haka, har na huɗu. Da ya ɗaga murfin na biyar, sai da ya ja da baya ya dafa bango.

Ruwan saman ya yi baƙi, da wata yana mai yauƙi a kai, da ƙananan kumfa suna tasowa. Warin kuwa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, amma ba wannan ya karya shi ba. A ƙarƙashin warin akwai wani da ya sani, warin ɗakin asibiti lokacin da ake kwance bandeji. Nan take ya ga gadon, ya ga ƙafar, ya ga hannunta a rigarsa. Ya fita da gudu ya durƙusa a tsakar gida yana kakari, ba abin da ya fito sai hawaye.

Ya daɗe a nan. Abu ɗaya ta roƙe shi a duniya, ya ce to, kuma bai yi ba. Ga shi abin ya ruɓe. Ruwa ba ya tsami banza, in ji shi a ransa, shi ne ya kashe shi da sakacinsa. Gobe Tilo za ta shigo ta buɗe murfin nan, warin da uwarta ta mutu a cikinsa ya dake ta a fuska, kuma ta san ubanta ne ya bari. Wannan ne ya ji ba zai iya ɗauka ba. Ya ga gara ya ce mata ya lalace ya zubar, da ta gani da idonta.

Da ya ɗaga waya ya kira Inna Ƙarama, da magana ta ƙare a minti biyu. Amma mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya bai tambayi matarsa ba, ba ranar da kunya ta rufe shi zai fara tambayar ƙanwarta ba.

Ya ɗaure hanci da tawul, ya rungumo bokitin, yana tafe yana hutawa saboda nauyi, har bayan gida inda babbar kwata ta wuce. Mai wankin motoci na sama da su ya saki ruwa, kwatar na gudu sosai. Ya karkata bokitin. Baƙin ruwan ya fara tafiya, sannan mai kaurin ya biyo, toka-toka, sumul, ba gudaji ko ɗaya. Ya ɗan tsaya da ya ga haka, don bai yi kama da abin da ya lalace ba. Sai iska ta kaɗo masa warin, ya runtse ido ya juye sauran. Na ƙasan da ya kwanta ya sa hannu ya kwashe. Ya wanke bokitin da murfinsa da sabulu har sau uku, ya kife su a rana. Ya share ɗakin, ya buɗe taga, ya goge farantan ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama har wani sauƙi ya ji, irin na wanda ya yi abin da ya kamata.

Ranar Asabar da hantsi suka iso. Inna Ƙarama ce a gaba, gajeriya mai faɗi, muryarta na riga ta shiga gida. Tun da aka kawo yayarta gidan nan take tsokanar Magini, kuma rasuwar ba ta sa ta daina ba, don ta san in ta daina kuka za su yi. Ta shigo da hankici a hanci, da leda a hannu.

"Mijin Yaya, ina warin? Na zo da shirina. Na ce wa Tilo wata shida ba a juya ba, yau sai mun ɗauke ka ranga-ranga."

Magini ya tsaya da hannun Tilo a nasa. Ya ce, "Wane wari?"

"Na shuɗin mana. Ai shi ne mai ƙaro, shi ke fara ɗoyi. A masana'anta in an dawo hutu, sai mun buɗe tagogi duka." Ta zazzage ledar a kan benci, ga ƙaramar kwalbar bilic na wanki, ga rariya mai laushi. "Ba wani aiki ba ne. A tsiyaye baƙin ruwan sama, a zuba sabo, a sa murfin kwalba ɗaya na wannan, a juya, a tace. Kafin la'asar ka nemi wari ka rasa. Ko ba a yi komai ba ma, wuta ce ke cinye shi. Ƙaron ne kawai ke ruɓewa, dutse da toka ina ruwansu da ruɓa?"

Tana magana tana tafiya wajen ɗakin aiki, sai idonta ya faɗa kan bokitin a kife a rana, fes, yana ɗaukar ido. Ta tsaya. Ta sauke hankicin daga hancinta a hankali.

"Wannan wanne ne?"

Magini ya saki hannun Tilo.

"Mijin Yaya, wannan wanne ne a cikinsu?"

"Ya lalace," in ji shi, muryarsa ba ta fita sosai. "Ya yi baƙi. Na ɗauka ya lalace."

"Ka juye a wani wuri ne?"

Ya nuna bayan gida da hannu. Inna Ƙarama ta tafi da sauri kamar ba ita ce mai ciwon gwiwa ba, Tilo na bin ta. Ya ji su suna ɗaga marfin kwata, ya ji shiru. Ruwan mai wankin motoci ya kwana ya wuni yana wucewa, ko alamar toka bai bari ba.

Da suka dawo, ya so a ce Inna Ƙarama ta zage shi. Bakinta na iya wa kowa, kuma yau ta samu dalili. Amma sai ta zauna a kan benci ta rufe fuska da gyale. Tilo kuwa ta shiga ɗakin aiki ta tsaya gaban kantar farantan, ta ɗauki ɗaya tana shafa shi. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ba komai, Baba. Farare ma suna da kyau."

Wannan "ba komai" ɗin ta fi masa zagi ciwo.

Inna Ƙarama ce ta tuna da sandar. Kowane bokiti da sandar juyinsa, kuma ba a haɗa su. Suka samu ta shuɗin a jingine a bayan ƙofa, inda tsintsiyarsa ba ta kai ba. Daga tsakiyarta zuwa ƙasa duk busasshen ruwan ƙyalli ne, ya yi ɓawo a kan ɓawo. A sama kuwa, inda hannu ke kamawa, iccen ya lotsa ya yi santsi. Suka shimfiɗa takarda, Inna Ƙarama ta ba shi wuƙa ta ce ya kankare a hankali, kada iska ta ɗauka.

Yana kankara, ita tana niƙa ɓawon da bayan cokali, sai ya yi tambayar da ke cin sa.

"In warin ba ya ɓata komai, me ya sa take juyawa kullum? Me ya sa ta ce in juya?"

Inna Ƙarama ta ci gaba da niƙa kamar ba ta ji ba. Tilo ta ɗago tana kallon ta.

"Ƙanwata, ki gaya min," in ji Magini.

"Saboda hancinka," in ji ta. "Mu a masana'anta wa ke juya bokiti kullum? Sai ranar tsomi. Ita ce ta ce mijinta in ya ji wari ba ya iya gini, gara ta riga shi shiga ta juya, iska ta shiga ruwan, kada ya kwanta ya yi ɗoyi. Na sha yi mata dariya a kai." Ta share ido da bayan hannu. "A asibiti ma ta yi min maganar. Ta ce tana ganin ka kana numfashi ta baki, kana ɓoyewa. Ta ce ba ta so bayan ba ta ka buɗe ɗakin nan ka ji wani wari, ya mayar da kai can. Ba don shuɗin ta ce ka juya ba. Shuɗin ko shekara ya yi yana nan."

Wuƙar ta tsaya a hannun Magini. Ya dubi inda hannunta ya lotsa iccen, ya ƙirga safiyoyin shekara talatin da ɗaya da ya shigo yana mata ba'a, ya kasa kai ƙarshensu. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da kankara, don bai san me kuma zai yi da hannunsa ba.

Duk abin da suka samu, da aka jiƙa aka tace, bai kai rabin gwangwanin madarar ba. Ba zai isa faranti ba, balle a yi maganar tsomi. Tilo ta zaɓi ɗaya daga ƙananan kofunan. Inna Ƙarama ta shafa da buroshi, ta jira ya sha, ta sake shafawa, har sau uku, ta kankare gwangwanin tas. Kofin ya zama toka-toka, mummuna, kamar yadda duk kayan Mai Bokiti suke kafin wuta.

Ranar Lahadi ya kunna tanderu saboda kofi ɗaya, abin da bai taɓa yi ba. Ya wuni a gabansa yana ƙara wuta. A ransa, Allah ya sani, akwai wani ɓangare da ke fatan kofin ya fito a ɓace, ya yi ƙuraje ko ya yi baƙi, don ya samu abin da zai riƙe ya ce lallai dama ya lalace.

Litinin da hantsi tanderun ya huce. Su uku suka tsaya. Ya buɗe ƙofar, ya sa hannu da tsumma ya ɗauko.

Shuɗin ne. Mai zurfin nan, da ɗan koren a baki, ba tabo, ba ƙurji, kamar ita ta tsoma shi da hannunta. Tilo ta toshe baki da hannu biyu. Inna Ƙarama ta juya ta fuskanci bango.

Magini ya riƙe kofin yana juya shi a haske. A bayansa faranti ashirin da huɗu na jere farare, kuma ya san cike da bokitin nan ya ishe su duka har a yi saura. Bai san lokacin da ya kai kofin hancinsa ba. Ya shaƙa, ya sake shaƙa da ƙarfi, da wannan hanci nasa da ba abin da ke ɓoye masa. Babu wari ko kaɗan.

Ya miƙa wa Tilo, ya ce, "Riƙe da hannu biyu. Babu wani."

Sannan ya wuce ƙurya, ya zauna a ƙasa kusa da takalman robar, ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka fita da ita.